Haddar ABCD, duba-ka-faɗa ko foniks: wace hanya za a bi a koya wa yaro karatun Turanci?

Duk farkon shekarar karatu masu makarantun nazare da firamare a Katsina kan samu kansu a tsaka mai wuya. Iyaye na so su ji yaro yana rera ABCD har Z cikin mako biyu. Anti ta dawo daga bita tana cewa a daina kiran sunan harafi, sauti ake koyarwa yanzu. Ga kuma mai sayar da littattafai ya iso da kwali cike da katuna masu launi, yana cewa in ba a saya ba an bar makaranta a baya. Kuɗin kuwa ba ya isa a yi duka, dole a zaɓa.

Kalmomin da sai an san su kafin a yi zaɓi

Harafi shi ne abin da ake rubutawa, Turanci yana da 26. Ƙwayar sauti kuma ita ce ɗan ƙaramin sautin da in aka canza shi kalma ta canza. Ita ce ta raba "kara" da "ƙara" a Hausa, ita ce ta raba *pin* da *bin* a Turanci. Turanci yana da ƙwayoyin sauti kimanin 44, to ka ga haruffa 26 ba za su ishe su ba, kuma daga nan duk wahalar ta samo asali. Harafin *a* kaɗai yana da sauti huɗu daban-daban a *cat*, *cake*, *call* da *was*. Sauti ɗaya kuma ana iya rubuta shi ta fuska huɗu, kamar a *see*, *sea*, *me* da *field*. Foniks shi ne koyar da wannan dangantaka ta harafi da sauti a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Harafi mai goyo shi ne haruffa biyu masu ba da sauti ɗaya. Mun san shi a Hausa: sh da ts. A Turanci akwai *sh*, *ch*, *th*, *ng*, da na wasula irin *ai*, *oa*, *ee*, har da mai haruffa uku, *igh* na cikin *night*. Cunkoson baƙaƙe abu ne daban, kodayake malamai da yawa na gwamutsa su: a *stop* ko *plan* kowane baƙi yana riƙe da sautinsa, zama kawai suka yi kusa da juna ba wasali a tsakani.

Haɗa sauti shi ne yaro ya furta s, a, t ɗaya bayan ɗaya, ya ja su har su zama *sat*. Da shi ake karatu. Warware kalma kishiyarsa ce, yaro ya ji *sat* ya fitar da sautuka uku, kuma da ita ake rubutu. Kalmomi masu gardama su ne waɗanda wani ɓangarensu ba ya bin ƙa'idar da aka koya, irin *the*, *said*, *was*, *one*. Sai ƙirar baƙi-wasali-baƙi, wadda malaman Hausa ke taƙaitawa BWB, irin *cat* da *pin*. Da ita ake fara karatu.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba: bayan zango biyu, yaro zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, ba hoto kusa da ita, ba wanda ya fara faɗa masa? Sai kuɗi, na farawa da na kowace shekara. Sai ƙarko, wanda ke da fuska uku: kayan aikin su jure ƙurar hunturu da gara da hannun yara, abin da yaro ya koya ya tsira bayan dogon hutu, tsarin kuma ya ci gaba ko da malamar da ta iya shi ta yi aure ta bar aiki. Sai sauƙi ga malamin da ke hannu, mai takardar NCE ko wanda sakandare kawai ya gama, a ajin da zai iya kai yara 60 ko fiye. Na ƙarshe haɗari, wato ta inda hanyar ke lalacewa ba a lura ba.

Haddar ABCD da kiran sunan harafi

Ita ce yawancinmu muka taso da ita. A rera haruffa, a ce *A for apple*, sannan a shiga "si, ei, ti, kat". Ba ta cin komai sai alli da allon bango, kuma kowa zai iya koyar da ita. Amfaninta na gaskiya shi ne yaro ya san jerin haruffa, abin da zai buƙata ran da zai buɗe ƙamus.

Aibinta a bayyane yake in ka saurara da kyau. Haɗa "si" da "ei" da "ti" ba zai taɓa ba da *cat* ba, "sieiti" zai bayar. Yaron da ya ce "kat" a ƙarshe haddace amsar ya yi. Harafin *w* sunansa "dabulyu", *h* kuma "eic", babu wanda sunansa ya nuna sautinsa. Shi ya sa za ka ga ɗan aji uku yana rera haruffa ba tuntuɓe, amma ka nuna masa *m* a tsakiyar allo sai ya koma daga A yana ƙirgowa.

Duba-ka-faɗa

Malami ya ɗaga kati mai kalma, sau da yawa da hoto, ya faɗa, yara su amsa, har su riƙe siffar kalmar. Masu wannan hanya kan dogara da jerin kalmomi 220 da Edward Dolch ya tattara a Amurka a 1936, kalmomin da suka fi yawan fitowa a littattafan yara. Kuɗinta kaɗan ne: kwali, alƙalamin maka, almakashi. Tana kuma faranta wa iyaye rai da wuri, domin cikin wata guda yaro zai "karanta" shafin farko.

Tana da rufi, kuma rufin na kusa. Ƙwaƙwalwar yaro na iya riƙe siffofi masu yawa, amma da kalmomi suka fara kama da juna, *horse* da *house*, *want* da *went*, sai canki-canki ya shigo. Yaro ya dubi harafin farko da hoto ya yi hasashe. Hanyar ta fi dacewa da yaran da suka riga suka iya magana da Turanci, waɗanda hasashensu kan faɗa daidai. Yaron da Hausa yake ji a gida da kasuwa da wajen wasa ba shi da rumbun kalmomin da zai yi hasashe daga ciki. Haɗarinta mafi muni shi ne tana ɓoye rashin iyawa. A ajin da ake amsawa baki ɗaya, yara biyar na gaba ke karatu, sauran amshi suke yi. Hutu kuma yana cin abin da aka haddace. Inda take da gurbi shi ne kalmomi masu gardama, su ma bayan an nuna wa yaro ɓangaren da ke bin ƙa'ida.

Foniks na dangin kalmomi

A nan ana farawa da kalma sukutum, sannan a jawo hankalin yaro ga abin da kalmomi suka yi tarayya a kai: *cat, mat, sat, hat*, ko *man, milk, mop*. Ya fi biyun farko, domin yaro yana fara gane cewa harafi na wakiltar sauti, kuma allon bango ya wadatar. Sai dai yana da jinkiri, haɗa sauti na zuwa a makare. Yara masu wayo kuma kan gano dabara: su dubi harafin farko kawai su ƙarasa da amon layin. Sa *cot* a tsakiyar dangin *cat* ka ga nawa za su faɗa rami. Ya fi kyau a matsayin atisaye bayan yaro ya iya haɗa sauti.

Foniks na haɗa sauti

Nan ya kamata a daɗe. Ana koyar da sautuka kaɗan, a fara haɗa su nan take, a ƙara wasu. Tsarin da aka fi sani a Najeriya shi ne Jolly Phonics, wanda malamai biyu na wata firamare a Ingila, Sue Lloyd da Sara Wernham, suka tsara, littafin jagoransa ya fito a 1992. Yana koyar da sautuka 42 a rukuni bakwai, kowane sauti da labarinsa da waƙarsa da motsin hannu, da kalmomi masu gardama 72. Rukunin farko s, a, t, i, p, n ne. Ba a bi jerin ABCD ba saboda waɗannan shida kaɗai na ba da *sat, pin, tap, sit, tin, nap, pant, snap*. Hukumar UBEC da hukumomin SUBEB na jihohi sun horar da malaman firamaren gwamnati da yawa a kansa, don haka kafin a ɗauko mai horarwa daga nesa a tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko akwai wanda ya riga ya samu horon.

Akwai kuma Letters and Sounds, wanda gwamnatin Ingila ta fitar a 2007, mai matakai shida, ana sauke shi kyauta a intanet. Jagora ne ga malami kawai, ba ya zuwa da katuna ko littattafan yara, sai an yi su da hannu.

Hujjar wannan hanya tana da ƙarfi. A gundumar Clackmannanshire ta Sikotland an bi yara kimanin 300 na shekara bakwai, aka fitar da sakamako a 2005. Waɗanda aka koya wa haɗa sauti, minti 20 a rana na mako 16 a farko, sun kai ƙarshen firamare suna gaba da shekarunsu da shekara uku da rabi wajen karanta kalma. Rahoton da Jim Rose ya rubuta wa gwamnati a 2006 ya sa Ingila ta rungumi hanyar. To amma a lura da ɗaya adadin na wannan bincike: wajen fahimtar abin da aka karanta, ratar ba ta kai wata huɗu ba, kuma waɗannan yara ne da Turanci harshen uwarsu ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san bambancin iya biya karatu da sanin fassara. Foniks biyawa yake koyarwa. Ma'ana sai an ware mata lokacinta na hira da labari da nuna abu a zahiri, a kuma faɗa wa yaro ma'anar *tap* da Hausa ba tare da jin kunya ba.

Darasin yini ba ya wuce minti 25 zuwa 30. Minti biyar na bitar katunan baya da sauri, a cakuɗe. Minti biyar na sabon sauti. Minti biyar na rubuta shi a iska, a ƙasa, sannan a littafi. Sauran lokacin na haɗa kalmomi biyar ko shida a allo, da shifta ta kalmomi uku. Sauti uku a mako ya dace da yaranmu, wato mako 14 a gama 42, zango ɗaya da ɗan ɗori. Wanda ya yi wata guda a kan harafi ɗaya ya kashe hanyar.

Inda take lalacewa a bakin Bahaushe sananne ne. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa *bread* ya zama burodi, *screw* ya zama sukuru, *glass* ya zama gilashi. Malami da kansa kan manna wa baƙi wasali, ya ce "ka, a, ta", yaro kuma ya haɗa abin da ya ji ya samu "kaata". Maganinsa a fara atisayen haɗawa da baƙaƙen da ake iya ja, s, m, n, l, a riƙa jan su cikin wasalin ba tare da yankewa ba, a kuma datse t, k, p gajeru kamar raɗa.

Sai p, f da v. Hausa ba ta da p da v, f ɗinmu kuma da leɓɓa biyu ake yin ta, a bakin Bakatsine ma "tafi" kan koma "tahi". Saboda haka *pan* da *fan* kan zama abu ɗaya, *vest* ya zama *best*. A nuna wa yaro da ido: p leɓɓa a rufe sannan su fashe, 'yar takarda a gaban baki za ta yi tsalle, f haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali, v wuri ɗaya da f amma maƙogwaro na rawa, a sa hannu a ji. Ga *th* a fito da kan harshe tsakanin haƙora, in ba haka ba *thin* zai koma *sin* ko *tin*. Gajerun wasula su ne suka fi cin lokaci: *cat, cut, cot*, da *pen, pan, pin*. Wajen *ship* da *sheep* kuwa Hausa ce ke taimako, domin yaro ya riga ya san garin da ake zama a ciki ba garin tuwo ba ne.

Haɗari na biyu shi ne tsarin ya koma rawa da waƙa. Aji ya iya lanƙwasa hannu kamar maciji ga *s*, ya iya duk waƙoƙin, ran bikin yaye ɗalibai iyaye su yi tafi, amma ba mai iya haɗa sautuka uku. Na uku shi ne a koyar da foniks da safe, da rana a ba yaro littafin da ke cike da *beautiful* da *aeroplane*, sai ya koma hasashe. Dole a samu littattafan da aka auna, waɗanda kalmominsu ba su wuce sautukan da aka koya ba. Ko jimloli biyar ne a takarda ɗaya aka yi fotokwafi, sun wadatar.

Batun kuɗi: cikakken kwalin kamfani daga waje yake zuwa, farashinsa na bin canjin kuɗi, littafin aikin ɗalibi kuma sai an sake saya duk shekara. Amma abin da darasi ke buƙata shi ne katuna 42. In kwali ɗaya ya ba da katuna takwas, kwalaye shida sun isa, ana samun su da maka a shagunan kayan rubutu na babbar kasuwa. A yi musu lamineshan, ko a naɗe su da faffaɗan salatif, a ajiye a bokitin roba mai murfi saboda gara. A ganina, in kuɗin ɗaya zai iya, horon malami ya fi kwalin. A horar da biyu, kada tsarin ya bi mutum ɗaya ya tafi.

A fara da Hausa, a tsallaka zuwa Turanci

Wannan ba kishiyar foniks ba ce, foniks ne da harshen da yaro ke ji. Mu ma ba baƙonmu ba ne: babbaƙu da farfaru na makarantar allo baƙi ne a fara sani, sannan a ɗora masa wasali. Shirin RANA, wanda UNICEF ta kawo tare da ƙungiyar FHI 360 da tallafin Birtaniya, ya fara a Katsina da Zamfara a 2015 yana koyar da karatun Hausa daga aji ɗaya zuwa uku, don haka akwai malamai a jihar nan da suka san aikin. Da yake rubutun Hausa na bin furuci kusan sak, yaro kan gane sirrin haɗa sauti da wuri, yana kuma fahimtar abin da ya karanta tun ranar farko. Baƙaƙe da yawa, b, d, m, n, s, t, k, l, w, z, har da sh, suna tsallakawa Turanci yadda suke.

Wuraren tuntuɓe sanannu ne, sai a koyar da su da gangan. C ta "ciki" ita ce *ch* ta Turanci, *c* ta Turanci kuma k ce ko s. U ta "kunu" ba ita ce ta *cup* ba. Sabon ba-bi-bu kuma na ƙara wa yaro son cusa wasali, sai an yi atisayen ƙirar BWB sosai, ana farawa da kalmomin gida irin "nan" da "har". Babban ƙalubalen iyaye ne. Wanda ya biya kuɗin makaranta don ɗansa ya ji Turanci zai ga kamar an cuce shi, sai an zaunar da shi an yi bayani, ana kuma ci gaba da Turancin baka kullum.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi ga malami | Karanta sabuwar kalma | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Haddar ABCD | kusan babu | jerin haruffa na zama, karatu ba ya samuwa | mai sauƙi ƙwarai | a'a | a ɗauka rerawa karatu ce |
| Duba-ka-faɗa | kaɗan | hutu na goge shi | mai sauƙi | da ƙyar | hasashe da amshi |
| Dangin kalmomi | kaɗan | matsakaici | matsakaici | a hankali | duban harafin farko kawai |
| Haɗa sauti da kayan kamfani | mai yawa, duk shekara | mai kyau | sai da horo | e | waƙa ba haɗawa |
| Haɗa sauti da kayan hannu | kaɗan, amma aiki da yawa | ya danganta da malami | ya fi wuya | e | furucin malami, tsallake matakai |
| Hausa tukuna | kaɗan | mai kyau ƙwarai | mai sauƙi ga mai jin Hausa | e, Turanci daga baya | ƙorafin iyaye, cakuɗa c da u na Hausa da na Turanci |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Makarantar kuɗi mai aji na yara 25 zuwa 30, wadda iyayenta ke iya sayen littafin aiki, ta ɗauki Jolly Phonics daga nazare biyu, ta sayi jagoran malami da littattafan da aka auna kafin fosta da kayan ado. Sunayen haruffa a bar su sai yara sun iya haɗa BWB, a shigo da su ta waƙa.

Ƙaramar makarantar unguwa ko Islamiyya mai sashen boko, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ta bi jerin s, a, t, i, p, n da katunan hannu. Abin da ba za ta yi sakaci da shi ba shi ne furucin malama: ta saurari sautukan a waya, ta ɗauki muryarta, ta kwatanta.

Firamaren gwamnati mai cunkoso, musamman a ƙauyukan da yaro ba ya jin Turanci sai a aji, Hausa tukuna ta fi mata. A shigo da sautukan Turanci bayan yara sun iya karanta gajeriyar jimlar Hausa da kansu, a riƙa raba aji rukuni-rukuni domin amshi kada ya rufe waɗanda aka bari a baya.

Uwa ko uba mai koyar da yaro a gida, minti goma bayan la'asar da katuna shida na rukunin farko sun isa farawa. A tambayi makaranta wace hanya take bi, kada gida na cewa "si" makaranta na cewa "k".

Yaron aji huɗu ko biyar da har yanzu bai iya karatu ba, kada a mayar da shi ga waƙoƙin nazare, zai ji an wulaƙanta shi. A gwada shi shi kaɗai da kalmomi goma, biyar na gaske, biyar na ƙirƙira irin *tas*, *nis*, *mip*, waɗanda ba yadda za a yi ya haddace su. Haka Ingila ke yi tun 2012 da yara 'yan kimanin shekara shida: kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira. In ya san sautuka amma ya kasa haɗawa, a yi mako biyu a kan haɗawa kawai da baƙaƙen da ake ja. In sautukan ne bai sani ba, a fara daga rukunin farko, sauti ɗaya kowace rana, domin babban yaro ya fi ƙarami saurin ɗauka.